Layin Danshi a Injin Gwaggo

A daminar da nake aji biyu a sashen kwamfuta, akwai makonnin da ba na iya zama wuri guda ba tare da na zaro waya daga aljihu ba. A aji nakan ɓoye ta ƙarƙashin littafi. A masallaci ina sallamewa hannuna zai nufi aljihu, sai na tuna inda nake na mayar da shi kan gwiwa. Umma ta ɗauka budurwa na yi, har ta fara yi mini kallon gefen ido idan muna cin tuwo. Ni kuwa ƙwai nake dubawa.

Ƙwan na Gwaggo ne, yayar mahaifina. Mu muna Badarawa, ita tana Mando, a gidan da suka gina da mijinta kafin ya rasu, ɗaki biyu da ɗan tsakar gida mai bishiyar gwaiba. Ɗanta guda, wanda muke ce wa Yaya, yana aiki a Katsina, kuma tun da aka yi sadakar arba'in maganarsa ɗaya ce: ta rufe gida ta koma wurinsa. Ita ba ta so. Takan ce a Katsina aka yanke mata cibiya, amma a Mando ta san wanda zai ba ta garwashi idan wutarta ta mutu. Abin da ya rage mata shi ne ta nuna wa Yaya tana da sana'ar da za ta zauna dominta, shi ya sa ta sayo injin ƙyanƙyasa.

Injin ƙirar gida ne. Tsohon firji wani maƙeri ya fitar wa da kayan ciki, ya sa masa gulob biyu da ƙaramar fanka da wani abu mai kashe gulob ɗin idan zafi ya kai, ya yanka ƙofar ya manna gilashi. Ƙwan da hannu ake juya su. A ƙasa ana ajiye tiren ruwa saboda iskar ciki ta samu danshi. Idan an ɗauke wuta, batir da inbata, na'urar da ke mayar da cajinsa wutar gida, su karɓa.

Zubin farko ko ɗan tsako ɗaya bai fito ba. Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne ba wanda ya san dalili. Ta tuna akwai ranar da ta je suna Kawo ta wuni, ta dawo ta tarar da wuta, injin da ɗuminsa kamar ba abin da ya faru. Ko an ɗauke wuta tun fitarta, batir ya ƙare, ƙwan suka huce, sannan aka dawo da ita gab da shigowarta? Ba shaida. Haka ta ci gaba da juya matattun ƙwai har kwanansu suka cika suka wuce.

Yaya ya ce to shi ke nan. Ita ta ce a bar ta ta sake zubi ɗaya. Idan wannan ma bai yi ba, ya turo mota, ba za ta ƙara magana ba. A gabana ta faɗa wa Umma haka, tana tsinke ganyen zogale, ba ta ɗago kai ba.

A lokacin muna wani darasi a makaranta kan sa ido a kan na'urori. Akwai manhajar da aikinta kawai ta tashi kowane minti ta tambayi kwamfuta halin da take ciki, ta karɓi lambobi, ta aika su inda za a adana a zana su layi-layi. Abubuwan da aka saba aunawa ta san su da kanta. Wanda ba ta sani ba, kai za ka rubuta ɗan umarni naka, ita kuma ta riƙa gudanar da shi tana kwashe abin da ya fitar. Sharaɗinta ɗaya: abin da umarnin zai fitar ya zo a layi guda, suna da lamba, a tsarin da ta yarda da shi. Ka ƙara kalma ɗaya ta bayani, ta watsar da layin duka. Abokan karatuna abin haushi yake ba su. Ni kuwa ya kwanta mini, wataƙila don ni ma ba na son a tsawaita.

Ban gaya wa kowa ba sai da na gama. Na ari ƙaramar kwamfuta mai girman tafin hannu daga ɗakin gwaje-gwajenmu, na sayi ma'auni, wani ɗan farin abu da bai kai akwatin ashana ba, mai ƙananan ramuka a fuska, yana jin zafi yana jin danshi. Na rubuta umarni ɗaya mai karanta ma'aunin, ɗaya mai karanta ƙarfin batir. Gwajin farko manhajar ta ƙi karɓa, don na sa umarnin yana rubuta alamar digiri a bayan lambar. Na cire. Na sa masa iyakar jira, idan ma'aunin bai amsa ba kada ya tsaya yana jiransa har minti na gaba ya riske shi. Na kuma tsara cewa idan karatun ya gagara kada ya fitar da komai, gara a ga giɓi a layin da a ga lambar ƙarya. Daga ƙarshe na samu abin da nake so, ɗan layi tsaf: zafi kaza, danshi kaza, batir kaza. Na yi ta kallonsa yana fitowa kamar wanda ya ga rubutunsa a jarida.

Ranar da Gwaggo za ta zuba ƙwai na kai kayan Mando. Ba ta taɓa kiran sunana ba, don sunan mahaifinta aka sa mini.

"Babana, kai ne da rana haka? Mi ka ɗauko a jaka kamar mai maganin gargajiya?"

Maƙwabciyarta mai sayar da awara tana zaune a tabarma. Matar nan ta san ina jin kunyarta, kuma ba ta taɓa barin wannan ya tafi a banza ba.

"Injiniya ne da kansa. Yau kaji za su shiga intanet. Injiniya, idan ka gama da su ka zo ka sa wa kaskona, in san lokacin da mai ya yi zafi daga ɗaki."

Na sunkuyar da kai na shige falon. Falon Gwaggo kowa a danginmu ya san shi. Rimot yana cikin leda. Rediyon da Yaya ya aiko mata yana cikin ledarsa, an huda wurin eriya kawai. Agogon bango har yau da siririyar ledar kamfani a fuskarsa, ta yi ja saboda tsufa. A gidanmu ma haka Umma take yi wa sabon abu, don haka idona bai tsaya a kai ba.

Na rataye ma'aunin a tsakiyar injin, daidai tsayin ƙwan, na bi da wayarsa ta gefen ƙofa. Kwamfutar na ɗora ta a sama, na haɗa ta da ɗan akwatin intanet da nata ƙaramin batir daban, saboda ko babban ya mutu ta samu bakin faɗa mini. Da na tattara shara zan zubar, Gwaggo ta tsince ledar da ma'aunin ya zo a ciki, mai bakin da ake matsewa ya rufe.

"Kada ka yar hwa, leda ce mai kyau."

Ta ninke ta ta sa a lalitarta. Sannan ta tsaya a bayana tana leƙen wayata.

"Yanzu kana Badarawa sai ka ga cikin injin nan?"

"Ba cikin zan gani ba, Gwaggo. Lambobi zai riƙa turo mini."

"To Allah ya sa lambobin su ƙyanƙyashe."

Makon farko na san ranar Gwaggo fiye da yadda na san tawa. Duk lokacin da ta buɗe ƙofa za ta juya ƙwai, layin zafi ya nutse ya sake hawa, layin danshi ma ya yi tsalle. Bayan asuba akwai nutsewa ɗaya, da hantsi ɗaya, bayan azahar, bayan la'asar, sai ta ƙarshe kafin ta kwanta. Layin ya zama kamar haƙoran zarto. Idan ta makara nakan sani. Wata Laraba aka ɗauke wuta tun safe, na zauna a bayan aji ina kallon layin batir yana gangarowa, malami yana bayani ban ji ko kalma ba. Na fita na kira ta na ce ta kashe fankar falo da talabijin. Ta ce ai dama talabijin ɗin a kashe take, fankar ce kawai, ita da mai awara suna shan iska. Layin ya daina gudu. Da aka dawo da wuta na ji kamar ni na ja ta daga turken lantarki zuwa gidan.

Farkon mako na biyu jarrabawa ta kama. Ranar da muka fara, layin danshi ya soma sauka. Ba faɗuwa ya yi lokaci guda ba, a hankali ya zame cikin 'yan awoyi, ya je can ƙasa ya kwanta. Iska busasshiya haka tana shanye ruwan ƙwai, ɗan tsako ya manne a ɓawo. Na kira Gwaggo. Ban iya katse gaisuwa ba, sai da muka bi ta kan gajiya da ruwan sama da Umma da ƙannena da karatu.

"Gwaggo, ya injin?"

"Lafiya lau."

"Akwai ruwa a tiren?"

"Akwai mana."

"A ɗan ƙara."

"To Babana."

Na jira layin ya motsa. Bai motsa ba. Washegari na ce ta sa tire na biyu. Ta sa. Na ce ta jiƙa tsumma mai tsabta ta shimfiɗa a ƙasa. Ta ce ta shimfiɗa. Layin yana nan kwance kamar an ja shi da rula, a tsakiyar damina, a garin da ko shanya ba ta bushewa.

Kaina na fara zargi. Na shiga kwamfutar daga nesa na gudanar da umarnin da hannuna, ya fitar da lambar nan dai. Na ce wataƙila tsohuwar lamba yake maimaitawa, na sa ya riƙa haɗawa da lokacin da ya yi karatun. Lokacin yana tafiya daidai. Na duba bayanan da manhajar ke ajiyewa game da kurakurai, ba ta watsar da layi ko ɗaya ba. Na ce ko na juya lambobin ne, na zafi a gurbin na danshi, na bi umarnin harafi-harafi, ba haka ba ne. Na ce ko ma'aunin ya mutu, amma mataccen ma'auni ba ya amsawa, wannan kuwa yana amsawa, har lambar takan ɗan motsa kaɗan a bayan ɗigo. Na sake rubuta umarnin daga farko ta wata hanya. Amsa ɗaya.

Ban iya karatu ba. Zan buɗe littafi in karanta shafi, in tarar ban san me ke ciki ba. In tashi in sha ruwa, in leƙa ƙofar gida, in dawo. Na taka daga Badarawa har Malali na dawo ba tare da wani aike ba, waya a hannu, ina sabunta shafin a kowace kwanar titi. Umma ta ce idan yarinyar ce ba ta amsa saƙo, in haƙura, mata sun yi yawa a Kaduna. Na ce mata ƙwan Gwaggo ne. Ta kalle ni, ta ce to wannan ya fi.

A cikin wannan sintirin ne na lura da abu na biyu. Haƙoran zarton sun dushe. Layin zafi yana nan a inda ya kamata, amma nutsewar nan ta lokacin juya ƙwai ta koma ɗan lanƙwasa da sai an ƙura ido. Na danshi kuwa babu tsalle ko ɗaya. Na ja shafin baya na ga ranar da layin danshi ya fara sauka, ranar ce haƙoran suka ɓace. Abin da ya zo mini shi ne ta daina buɗe ƙofar, ko ba ta da lafiya tana ɓoyewa. Na daɗe ina juya yadda zan tambaya kafin na kira.

"Gwaggo, ana dai samun juya ƙwan?"



"Babana, ni za ka tambaya ko ina juya ƙwai? Ni da nike tashi in juya su kafin in ɗora ruwan koko?"

Na ba ta haƙuri har sau nawa ban sani ba. Ta ce ba komai, amma ranar ba ta ce in gaida Umma ba.

Ranar da na rubuta jarrabawar ƙarshe ban biya gida ba. Na hau keke zuwa Kawo, na shiga motar Mando. Hadari ya haɗo tun muna hanya, ruwa ya sauko kafin mu wuce mahaɗar hanya. Direban ya tsaya ɗaukar wasu leburori da suka fake a rumfar mai shayi, suka shigo da shebur ɗinsu suna ɗiga, ɗaya yana ba da labari da harshen Zamfara yadda ruwa ya cinye musu kwaɓin siminti. Ni ina matse a gefe, jaka a ƙirji, ina kallon layi. Ya kwanta lafiya lau.

Na sauka na ƙarasa da gudu. Na tarar da Gwaggo da mai awara a falo, sun shigo da tabarma.

"Ga injiniya ya zo duba marasa lafiya. Ruwa ma bai hana shi ba."

Na gaishe su a tsaye, abin da ban taɓa yi ba, na wuce ɗakin da injin yake. Tun kafin na buɗe na ga gilashin ƙofar ya yi gumi, ruwa yana gangarowa layi-layi. Na buɗe, wani tururi mai ɗumi ya bugi fuskata kamar an buɗe tukunyar dambu. Tire biyu cike da ruwa, ga jiƙaƙƙen tsumma, duk yadda na ce a yi. Ƙwan suna jere, kowanne da ɗigon gawayi a gefe ɗaya, alamar da take gane wanda ta juya.

Ma'aunin yana rataye a inda na bar shi, cikin ledarsa. An naɗe shi da auduga, an mayar da shi ledar da ya zo a ciki, har da ɗan farin ƙunshin nan mai tsaba-tsaba da ake samu cikin kwalin sabon takalmi, wanda aikinsa shanye danshi. An matse bakin ledar, an ɗaure wurin da waya ta fito da robar ɗaure kuɗi, ɗauri mai kyau, ba ta inda iska za ta shiga.

Na tsaya riƙe da ƙofar. Umarnina bai yi ƙarya ba ko sau ɗaya. Danshin cikin ledar yake faɗa mini, minti bayan minti, ni kuma ina ta sa a ƙara wa ƙwai ruwa.

Gwaggo ta shigo ta tsaya a bayana.

"Ka gani ko? Na adana maka shi. Ran nan na buɗe da safe na ga ruwa ya ɗan taru mashi a fuska. Na ce abin makaranta, abin lantarki, ya lalace a hannuna in ce mi? Sai na mai da shi gidanshi."

Fuskarta a sake take, tana jiran in yi godiya. Ni a rayuwata ban taɓa ce wa babba ya yi kuskure ba. Ko a aji idan malami ya rubuta ba daidai ba, nakan gyara a littafina in yi shiru.  Na rufe ƙofar don kada ƙwan su huce, na durƙusa kamar mai duba waya a ƙasa, don kada mu haɗa ido.

"Gwaggo, an gode. Sai dai shi wannan ba a sa shi a leda."

"Ko da ruwa na taɓa shi?"

"Ruwan shi ne aikinsa. Ramukan fuskarsa ta nan yake shaƙar iskar da ƙwan ke shaƙa. Da aka rufe shi, sai ya riƙa ce mini ciki a bushe yake. Shi ya sa na yi ta cewa a ƙara ruwa."

Mai awara ta leƙo daga bakin ƙofa ta kwashe da dariya.

"Hajiya, kin sa wa ɗan leƙen asiri takunkumi! Wallahi ke ko jariri aka ba ki sai kin sa shi a leda."

Gwaggo ba ta yi dariya ba. Ta kalli gilashin da ke ɗiga, ta kalli tirukan, ta zauna a bakin buhun masara.

"To ruwan ya yi masu yawa ke nan."

"Ya yi yawa."

"Sun mutu?"

"Ban sani ba, Gwaggo."

Mai awara ta daina dariya, ta ce bari ta je ta duba wutarta.

Muka fitar da tire ɗaya da tsumman, muka rage ruwan ɗayan, na goge gilashin. Na kwance robar na zare ma'aunin daga audugar. Kafin na gama wanke hannu layin danshi ya tashi tsaye a wayata, ya haura can sama inda ban taɓa ganinsa ba. Na nuna mata. Ta ce, "Ashe yana da baki."

Na karanta cewa ana haska ƙwai a ga abin da ke ciki. Muka rufe taga da zane, na kunna fitilar wayata, tana miƙo mini ɗaya-ɗaya da hannu biyu. A cikin yawancinsu akwai duhu mai jijiyoyi, a wasu har muka ga abu ya motsa. Amma gurbin iskar da ke can gefen mai faɗi, wanda ɗan tsako ke fara numfashi a ciki kafin ya fasa ɓawo, ya yi ƙanƙanta. Ƙwan ba su rage ruwa yadda ya kamata ba. Abin da za mu iya shi ne mu bar injin a ɗan bushe kwanakin da suka rage, sai gab da ƙyanƙyasa a mayar da ruwa.

Da zan tafi ta rako ni har bakin titi, ruwa ya tsagaita. Da mota ta tsaya, ta matso kusa da ni.

"Kada ka gaya wa Yayanka zancen ledar nan."

"Ba zan faɗa ba."

"Ita waccan mai bakin ai ta riga ta gaya wa rabin Mando."

Kwanakin da suka biyo baya babu jarrabawa, babu abin da zai raba hankalina, sai abin ya ƙaru. Na ƙara umarni na uku, mai duba layin zafi na 'yan awoyin baya ya ƙirga sau nawa ya nutse. Idan ya daɗe bai nutse ba, wayata ta yi ƙara. Da na fara aikin, hawa da sauka kawai nake tsoro. Yanzu layin da ya kwanta shiru ya fi tayar mini da hankali. Haƙoran zarto suka dawo. Sannan lokacin daina juyawa ya zo, aka mayar da ruwa, aka rufe ƙofa ba buɗewa, dole na kashe ƙarar da hannuna. Layukan suka miƙe, wannan karon da saninmu, amma duk da haka ban iya kallonsu ba, ban kuma iya daina kallonsu ba. Umma ta ba ni wake in tsince don hannuna ya samu abin yi.

Wata safiya da hantsi layin danshi ya fara 'yan tsalle-tsalle shi kaɗai, ba wanda ya buɗe ƙofa. Na daɗe ina kallo kafin na gane. Duk ƙwan da ya fashe, jiƙaƙƙen ɗan tsako ne ke fitowa, danshinsa yana shiga iska. Ban kira ba. Na sa takalmi na fita, Umma tana tambayata ina zuwa, na amsa mata daga zaure.

Ba duka suka fito ba. Wasu sun huda ɓawo suka tsaya a nan, wasu ko hudawa ba su yi ba. Washegari da muka buɗe, Gwaggo ta kwashe waɗannan a tsohon kwano ta kai bayan gida ita kaɗai, ta daɗe ba ta dawo ba. Amma waɗanda suka fito sun fi rabi. Muka shimfiɗa buhu a babban kwali, muka rataya gulob, ta riƙa ɗaukarsu ɗaya-ɗaya tana tsoma musu baki a ruwa. Mai awara ta zo ta tsuguna tana cewa wancan mai ƙaton kai da injiniya yake kama.

Muna nan Yaya ya kira. Na ji muryarsa daga inda nake, bayan gaisuwa yana tambayar wace rana zai turo direba, don ya ji an ce an samu matsala. Gwaggo ta cire wayar daga kunne. Ta sunkuya ta zura wayar cikin kwalin, ta riƙe ta a can, 'yan tsaki suna ta tsuwa a kanta. Sai da ta ga ya isa ta mayar kunne.

"Ka ji? To ka bar direba ya huta. Sati mai zuwa zan sake zubi."

Kafin zubin na gaba na sayo ma'auni na biyu, saboda ko na farkon ya gaji. Na kai mata shi a ledarsa, da ɗan farin ƙunshinsa a ciki, na ce wannan ajiya ce, ta adana yadda ta ga dama. Ta karɓa ta juya shi, ta ƙara masa wata ledar a kai, ta buɗe kwallar da take ajiye zannuwan fita ta tura shi can ƙasa. Sannan ta je ta leƙa na cikin injin ta gilashi, yana rataye tsirara, ta girgiza kai.

"Shi dai wannan Allah ya ba shi haƙuri," ta ce, ta ɗauko gawayi ta fara ɗiga wa sababbin ƙwai alama.